Jan Ƙyalle a Gonar Iya

Kakata, wadda nake kira Iya, ba ta yarda da kowa ba. Idan mutum ya gaishe ta da fara'a, yana juya baya za ta tambaye ni me yake nema. Idan ya gaishe ta a murtuke, sai ta ce ai dama ta san halinsa. Ko agogon da ke rataye a ɗakinta ba ta yarda da shi ba, sai ta leƙa tsakar gida ta duba inuwa kafin ta tashi alwala. A hannunta na girma tun bayan rasuwar babana, daga ni sai ita a gidan, don haka ni ma na kwashi rabona na wannan hali, har da ƙari.

Gonarmu tana can ƙarshen kanal, a tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwa yake isowa a gajiye bayan kowa ya sha ya ƙoshi. Ba wata babba ba ce. Amma daga cikinta muke ci, kuma saboda ita Iya take zaune a gidanta.

A shekarar da nake ba da labari ina da sha biyar. Ranin da ya gabata tsutsa ta cinye mana tumatir ƙarƙaf, har Baffana, ƙanin babana da ke zaune a Kumbotso, ya zo ya tsuguna a gaban Iya ya ce, "Iya, wahalar ta isa haka. In noman bana ma bai yi ba, ku tattara ku dawo wurina, a ba da gonar haya." A ranar Iya ko tuwo ba ta taɓa ba. Ta san ɗakin da ya tanadar mata, tagarsa bangon maƙwabta take kallo. Ta ce da ni ita ba za ta iya zama a garin da ake kulle ƙofa da tsakar rana ba, kuma ake sayen ganyen albasa da kuɗi.

Saboda haka a wannan ranin muka dasa albasa, fangali arba'in, Iya tana ƙirga su kullum kamar wani zai naɗe ɗaya ya sa a aljihu. Dashen ya kama, ganye ya miƙe, sai aka wayi gari an rufe ruwan kanal, wai za a yi gyara na ɗan lokaci. Ɗan lokacin nan kuwa ya yi ta miƙa ƙafa. Masu injin ban ruwa suka koma jan ruwa daga magudanar da ke ƙasan gonaki. Mu kuwa abin da muka mallaka mai kama da inji shi ne bokiti biyu, ɗaya ma yana yoyo.

Akwai ƙungiyar cigaban gari a garinmu. Abin da muka san ta da shi bai wuce ba da aron kujerun roba da rumfa a biki ko zaman makoki ba, sai sharar maƙabarta, sai yasar kanal sau ɗaya a shekara, sai kuma ƙwallo, wadda ba su taɓa cin kowa ba. Iya tana kiran su 'yan kujera. A makon da aka rufe ruwa na wuce ta gaban shagonsu na ga wayam, babu kujera ko ɗaya, babu rumfa. Na garzayo gida da labari.

"Sun cinye," in ji Iya.

"Iya, kujera ake ci?"

"Ke yarinya ce. Akwai waɗanda za su ci kujera su kora da rumfa."

Kwana biyu bayan haka sakataren ƙungiyar ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Malamin firamare ne, siriri, da tabarau, kullum da jakar takardu a hammata. Na leƙa ta zaure na dawo na shaida wa Iya cewa takardun da ya riƙo sun fi shi nauyi.

"Wane ne?" ta ɗaga murya daga tsakar gida, alhali na riga na gaya mata.

"Ni ne, Iya, sakataren ƙungiya. Kan maganar gonarki ce."

Da ya san Iya da bai haɗa kalmar gona da takarda a ƙofa ɗaya ba. Tun tana amarya, lokacin da aka zo yanka filayen noman rani, masu takarda da igiyar awo suka shiga gonar kakana da ke bakin hanya, da suka gama lissafinsu sai ga shi a ƙarshen kanal. Daga baya wasu masu takardar suka zo suka rubuta sunanta wai za a kawo taki, har yau tana jira.

"Gonata ba ta da magana, ɗan nan. Lafiyarta ƙalau."

"Iya, minti biyu kawai nake so."

"Na ba ka su sadaka, tafi da su. Ka gai da mutanen gida."

Ya ɗan tsaya, ya gyara tabarau, ya tafi. Ni kuma na bi bayansa da harara har ya sha kwana, don in taya Iya.

Ranar Asabar da safe muka je gona muka tarar da abin. A kusurwar gonarmu ta gabas an kafa sanda, an ɗaura mata jan ƙyalle. Ja wur, yana kaɗawa a iska kamar yana yi mana gwalo. Iya ta tsaya cak, ta riƙe min hannu.

"Kada ki matsa."

Ta zagaya shi sau biyu daga nesa, tana karanto addu'a tana tofawa. Kakar Iya bamagujiya ce, kuma ko da yake Iya ba ta wasa da salla, ta taso tana jin yadda mutanen dauri suke kafe gona. Wani kafin na korar ɓarawo ne, wani kuwa na korar mai gonar ne, a sa ya ji ta fita daga ransa har ya sallama ta da kansa. Da muka sunkuya muka duba da kyau, sai ga wani farin zane a jikin ƙyallen, a lanƙwashe, an yanke shi rabi.

"Kin gani? Har da rubutu," in ji Iya a hankali. "Jiya mai takarda, yau jan ƙyalle. Aikin wancan ne, ya saye su."

Ta nuna gonar da ke jikin tamu da haɓa. Ta wani Alhaji ce, mai injin kansa da gonaki har a Kadawa. Sau biyu yana aiko wa Iya cewa in ta gaji ta ba shi tata haya, tunda iyakarsu ɗaya.

Iya ta ce ita ba za ta taɓa ba, don da sunanta aka yi. Ni zan cire, da hannun hagu, ba tare da na yi magana ba, in jefa a magudana, kuma kada in waiwaya. Haka na yi. Ina jefawa na ji kamar wani abu ya bi ta gwiwar hannuna ya hau kafaɗa. Wataƙila tururuwa ce. Duk da haka kwana biyu na yi ina rataye da hannun kamar karyayye, Iya tana shafa min man zafi tana yin wanke-wanke da kanta.

Ranar Litinin da na dawo daga makaranta na biya ta gona, sai ga wani sabo a daidai wurin. Na cire shi ma na jefar. Daga nan ne na fara lura ba mu kaɗai ba ne. Na hau kan kunyar iyaka na hanga, sai na ga ja-ja nan da can. Akwai a gonar wata bazawara mai 'ya'ya biyar, akwai a ta wani tsoho da idonsa ya tafi, akwai a ta marayun bayan masallaci. Gonakin masu hali kuwa fes, ko ɗaya babu.

"Marasa gata suke bi ɗaya bayan ɗaya," in ji Iya da na kai mata rahoto. Na ce to mu je mu gaya wa bazawarar mana. Ta ce kul, irin wannan abu in aka yi zancensa ƙarfi yake ƙarawa, kuma wa ya sani ko da ita aka haɗa baki.

A wannan lokacin albasarmu ta fara nuna damuwa. Bakin ganyen ya yi ɗorawa, da rana sai ya kwanta, ƙasar fangalin ta tsage har kana iya zura yatsa. Ni da Iya muna ɗibo ruwa daga magudana da bokitanmu safe da yamma, amma kafin mu kai fangali na shida na farkon ya shanye ya manta da mu. Iya ta ce ƙyallen ne yake aiki. Ni ma na ga alama.

Da na uku ya bayyana ranar Laraba, raina ya ɓaci. Na ce wannan karon ba magudana za shi ba, gidan ubangidansa zai koma. Ban shawarci Iya ba. Na tuge sandar da hannun hagu, na tsallaka iyaka, na kafa ta a kusurwar gonar Alhaji, har na tattaka gindinta da dunduniya don ta zauna daram. Na dawo gida ina tafiya kamar wadda ta ci yaƙi. Na ci tuwo malmala biyu.

Washegari ba makarantar allo, ta boko kuma na yanke wa kaina hutu. Da hantsi ina hanyar gona na ji ƙarar inji a wajen gonarmu. Na sheƙa da gudu. Wani saurayi na gani wanda ban sani ba, wando a naɗe har gwiwa, ya girke inji a bakin magudana. Doguwar mesa ta taso daga injin, ta bi ta kan iyakarmu, ta wuce albasarmu da ke kwance tana haki, ta shiga gonar Alhaji. Ruwa yana ta bulbula. Gonar da dama a ƙoshe take, har ta fara kama da tafki. A jikin injin kuwa an rubuta sunan ƙungiyarmu da fenti.

Na riƙe ƙugu. "Sannu Malam! Allah ya ba da lada! Wato ku masu ƙoshi kuke ciyarwa?"

Ya zare abin jin waƙa daga kunnensa. "Ke kuma daga ina?"

"Daga gonar da ka tsallake. Ba ka ga tana mutuwa ba? Ko sai mai babbar riga idonku yake gani?"

"Ƙanwata, ni ba ɗan garin nan ba ne, ɗauko ni aka yi saboda na iya inji. Ban san gonar kowa ba. Inda na ga jan ƙyalle, nan nake zuba ruwa."

Na matso kusa da shi.

"Wane jan ƙyalle?"

Ya nuna min shi. Yana nan inda na kafa shi, daram, ga ma sawun dunduniyata a gindinsa.

Yana jan mesa yana yi min bayani, kamar mai koya wa 'yar aji ɗaya. Da aka rufe ruwa, ƙungiya ta sayar da kujerunta da rumfarta ta sayi injin nan na hannu, 'yan ƙungiya kuma suna haɗa na mai. Kwamiti ya zaɓi gonakin da ba su da inji kuma ba su da mai tsaya musu, yana kafa musu alama, shi kuma yana bi layi-layi. Ƙyallen ma tsofaffin rigunan ƙwallonsu ne suka yayyanka. Rubutun da ya tsorata Iya rabin lambar bayan riga ce.

"Ai an yi sanarwa a masallaci har sau uku," in ji shi.

"Mu wa zai je mana masallacin? Akuyarmu?"

Ya ɗaga kafaɗa. Na sauke hannu daga ƙugu, na sassauta murya, na kira shi Yaya. Na ce ƙyallen nan namu ne, iska ce ta kawo shi nan. Ya kalli sandar, ya kalle ni.

"Iska ce ta tuge ta, ta tsallaka da ita, ta kafa ta, ta tattake?"

"Iskar wajen nan ba ta da kirki."

"Kowa haka yake cewa. Jiya wani jan ɗankwalin matarsa ya kafa. Man wannan layin ya ƙare, yanzu tsallake zan koma. Sai bayan kwana tara."

Kwana tara! Albasarmu ko uku ba za ta kai ba. Na roƙe shi, na yi masa kukan ƙarya, daga baya na gaske ya zo, amma ya naɗe mesarsa ya ɗora injin a baro ya tura.

Ban taɓa ganin hanyar gidanmu ta yi gajarta kamar ranar ba. Na samu Iya tana tsince wake. Na tsaya a inda muciya ba za ta iso ni ba, na zayyana mata komai.

"Ruwa kyauta?" ta ce. "Su kuma me za su samu?"

"Wai ba komai."

"Babu wani ba komai. Ke dai an yi miki wayo."

Amma hannunta ya daina tsintar waken. Ta daɗe tana kallon faifan. Ina jin tagar nan mai kallon bango take gani. Can ta miƙe, ta yafa mayafinta na zuwa unguwa, ta ce in wuce gaba.

A shagon ƙungiya muka tarar da su a kan tabarma, tunda babu kujera. Shugaban wani dattijo ne da ya yi shekaru yana gyaran injin casar shinkafa, hannuwansa har yanzu baƙi ƙirin. Sakatare yana ganin Iya ya janyo jakarsa ya rungume. A tsakiyar tabarmar an tara tulin jajayen abubuwa da suka ƙwato daga gonakin mutane: ɗankwali, safa ƙafa ɗaya, leda, har da wandon jariri.

Bayan gaisuwa Iya ta ce an ba Alhaji ruwanta. Shugaba da sakatare suka kalli juna, irin kallon da na saba gani a fuskar Iya.

"Iya," in ji sakatare yana auna kowace kalma, "sau uku da hannuna na kafa miki alama. Sau uku tana ɓacewa. Yau kuma an gan ta a gonar Alhaji. Ki yi haƙuri da tambayar, me ya ba ku kuka sakar masa layinku?"

Na ɗauka rufin shagon zai tashi. Iya, wadda ta shekara saba'in tana zargin mutane, yau ga sa'an ɗan cikinta yana zarginta a gaban jama'a. Sai na ga in ban yi magana ba za a yi gawa, ko tata ko tasa.

"Baba, ni ce," na ce da shugaba. "Mun zaci kafi aka yi mana."

"Kafi?"

Na ba su labarin tun daga farko. Na nuna yadda Iya ta zagaya sandar, na nuna yadda na tuge da hagu ina kau da kai, na nuna yadda na rataye hannu. Da na iso wurin rabin lambar riga, wani matashi da ke bakin ƙofa ya ce tasa ce, lamba shida, shi ne mai tsaron baya. Dariya ta ɓarke har shugaba yana share ido da gefen rawani. Iya ko murmushi.

"Kun gama?" ta ce. "To ku da Allah ya ba ku baki, me ya hana ku faɗa?"

"Iya, ai na zo har gida," in ji sakatare.

"Ka zo da takarda. Da ka baro ta a gida da na shimfiɗa maka tabarma. Sanarwarku kuma a masallaci kuka yi ta. Ka taɓa ganina a sahun maza? Waɗanda kuka ce za ku taimaka, rabinsu ba su da namijin da zai kawo musu labari. Kun shiga gonar mace da sassafe kun kafa mata jan tsumma, me kuke so ta zata, goron gayyata?"

Dariyar ta tsaya. Shugaba ya tambayi sakatare alamu nawa ne suka ɓace ban da tamu. Ya buɗe jakar da kyar ya duba, ya ce biyu. Duk gidajen mata ne.

Shugaba ya shafa gemu. "Iya, kin yi gaskiya, laifin rabi namu ne. Amma injin ba zan juyo da shi ba. In na juyo da shi, ta wata ce za ta mutu a tsallake, ita kuma ba ta tuge komai ba." Ya dube ni da ya faɗi haka. Na dubi wandon jaririn.

Sannan ya aiki mai lamba shida gidansa, ya ce a gaya wa uwargidansa ta tara matan da suke turara shinkafa tare, duk mai duro ko bokiti ta fito da shi bayan la'asar. Shi kuma ya sa takalmi ya nufi wurin Alhaji, muna biye.

Alhaji ya karɓe mu da fara'a mai yawa. Ya ce ƙwarai ya ga ruwa a gonarsa, ya zaci ƙungiya ce take girmama shi, bai so ya kunyata su ba. Shugaba ya ce to tunda ya sha na Iya, ya ara mata injinsa na yini ɗaya. Alhaji ya tafa hannu ya ce kash, ai injin ya lalace. Shekaranjiya da kunnena na ji shi yana ruri kamar zaki. Iya ta taɓa ni da gwiwar hannu, wato in shaida.

Bayan la'asar mata suka fito, sun fi ashirin, da yara da 'yan ƙungiya. Aka ja layi daga magudana har gonarmu, ana miƙa bokiti hannu zuwa hannu. Layin kuwa a kan iyakar Alhaji ya bi, kuma uwargidan shugaba tana da muryar da ake ji daga Kura.

"Ke, miƙo a hankali, kada ki ɗiga a gonar Alhaji, ta ƙoshi!"

"Wayyo, baiwar Allah, har kwaɗi sun tare a ciki."

"A yi masa addu'a dai, an ce injinsa ba lafiya."

"Allah ya ba shi lafiya. Ko mu je dubiya da kunu?"

Ni aka sa a can ƙasa, cikin laka, ina cika bokiti, wai tunda hannuna na hagu yana da ƙarfi. Na ɗebi ruwan da ya isa a wanke garin Kano. Zuwa magariba mun jiƙa kusan rabin gonar. Washegari aka raba layin uku, saboda sauran gidajen biyu da suka jefar da tasu alamar. Ana cikin haka, sai ga ɗan Alhaji ya turo inji a baro, wai ya farfaɗo da asuba. Iya ba ta yi godiya ba sai da ta bi mesar daga farko har ƙarshe, ta tabbatar ba a ture mata kunyar iyaka ko da taki ɗaya ba.

Fangali goma sha biyu na can tudu ba su tashi ba, sun riga sun ƙone. Sauran suka ɗago kai a hankali.

A makon nan ƙungiya ta sauya tsari. Duk sanarwar da aka yi a masallaci, sai an bi da ita gidajen mata da baki, ba takarda. Sannan suna neman wanda zai riƙa zagaya gonaki yana tantance alamar gaskiya da ta bogi, don wandunan jarirai sun fara ƙarewa a gari. Shugaba ya ce shi bai san wanda ya fi Iya dacewa ba. Ta ce sai ta yi tunani, don ba ta san me suke nufi da ita ba. Washegari tun kafin rana ta fito tana bakin gonaki da sandarta. Ta kama mutum huɗu a ranar farko, ciki har da ƙanin sakatare. Har mai injin sai da ta sa ya buɗe mata tanki ta leƙa.

Ruwan kanal ya dawo daga baya. Muka cire albasa, 'yan ƙanana, wasu kamar goro. Muna cikin shanya su a tsakar gida Baffa ya iso da a-daidaita-sahu da ya ɗauko shata, har da igiyar ɗaure kaya. Ya tsaya ya dubi tarin albasar.

"Iya, wannan ai bai yi ba."

"Cewa ka yi in bai yi ba. Wannan da kake takawa mene ne, duwatsu?"

"Ba zai kai ku damina ba."

"Zai kai mu inda zai kai mu. Kuma ni yanzu ina da aiki. An sa ni cikin masu zagaya gidaje, gobe ma akwai rabon irin shinkafa. In na tafi wa zai sa musu ido? Waɗannan yaran kowa cutarsu yake yi."

Baffa ya juyo wurina yana neman mai taya shi. Na ce masa ni ma ina da muƙami, ni ce mai riƙe wa Iya sanda in za ta sha ruwa. Ya yi ta magana har la'asar, ya kawo zancen asibiti, ya kawo na makarantata, Iya tana ta yanke ganyen albasa tana cewa to. Daga ƙarshe direban ya fara danna oda. Baffa ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce shi ke nan, a ƙara shekara ɗaya a gani.

Don kada keken ya koma haka, Iya ta ce ya cika buhu ɗaya ya kai wa yara. Ya cika, ya ɗaure da igiyar da ya zo da ita, muka raka shi ƙofar gida. Suna shan kwana Iya ta dawo ta tsuguna a gaban tarin, ta tona nan, ta tona can.

"Zo ki gani," ta ce. "Duk manyan ya tsince."